Saƙon Ƙarshen Wata

Shekara tara ke nan rabon Inna da jin muryar ɗanta na fari, amma duk ƙarshen wata sai wayarta ta yi ƙara, kuɗinsa sun shigo. Ba ta iya karatu ba, saboda haka Auta ce ke karanta mata saƙon banki. Auta ƙanwarsa ce, su biyu kaɗai suka rayu a cikin 'ya'yan Inna. Sunan ya bi ta har girma. Ga ta da 'ya'ya uku, ta ba shekara talatin da biyar baya, tana aikin guga a wani shagon wanki da ke bakin babban titi, amma har maigidanta Auta yake ce mata. Ɗakin Inna yana cikin gidan hayar da suke, ƙofa na kallon ƙofa.

Abin da ya raba uwa da ɗa ba ɓoyayye ba ne. Babansu kafinta ne, yana da ɗan shagonsa na kansa. Ɗan farin nan, wanda Auta ke ce wa Yaya, shi ne ya matsa masa lamba ya sayar da shagon a sayi babbar mota, wai cikin wata shida za ta mayar da kuɗinta. A wata na huɗu motar ta kife da kayan mutane a kan wata gada. Ba a rasa rai ba, amma sai da aka sayar da ƙarfen aka sallami masu kaya. Baba ya koma zaman gida, hannu babu aiki, ya riƙa gyaran ƙafar kujerar da lafiyarta ƙalau. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu. Ranar da masu gaisuwa suka watse, Inna ta dubi Yaya a gaban Auta ta ce, "Ka cinye shago, ka cinye mai shago. Saura ni."

Da gari ya waye aka tarar da katifarsa a naɗe.

Bayan wata uku ya kira Auta. Ya ce ya samu aiki a wani birni mai nisa, a kamfanin ajiyar kifi, yana gyaran injinan sanyi. Ya ce ta kai Inna banki a buɗe mata asusu.

"Na sa su riƙa tura mata duk ranar ƙarshe ta wata," in ji shi. "Ko ni na manta, su ba za su manta ba."

"Ga ta nan kusa da ni, Yaya. In ba ta?"

"Bar ta," ya ce, ya kashe.

Haka aka ci gaba. Sau biyu ko uku a shekara yakan kira Auta, kusan kowane lokaci da sabuwar lamba, ya tambayi yara, ya tambayi hawan jinin tsohuwa, minti biyu ya ce ana kiransa a wajen aiki. Inna kuwa ba ta ƙara kama sunansa ba. Mai fushi take ce masa.

Akwai kalandar da wani shagon magani ke rabawa, tana rataye a jikin ƙusa saman gadon Inna. Da ita ta koyi wani karatu nata na kanta. Ta gane cewa in ranar ƙarshe ta faɗa a gidaje biyun nan na gefen takarda, wato Asabar ko Lahadi, kuɗi ba za su zo ba sai Litinin. Ta gane jar lamba, ranar da ma'aikata ke hutu. Amma ganewar bai hana ta fassara abin yadda take so ba. In kuɗi suka zo a kan kari sai ta ce, "Ya tuna yana da uwa." In suka kwana biyu a hanya sai ta taɓe baki ta ce fushin ne ya motsa. Ranar Litinin, waya na yin ƙara, ta ce, "To, ya huce."

Auta ta yi bayani har ta gaji.

"Inna, ba shi ke turawa da hannunsa ba fa. Banki ne ke yi da kansa. Asabar da Lahadi ba sa aiki, shi ya sa."

"Banki ya san ni ne? Ni na haifi banki?"

Sai yara su fashe da dariya, ita ma ta murmusa ta kau da kai. Daga baya Auta ta daina gyara mata. Ta lura wannan ne kaɗai zancen da ya rage tsakanin mutanen nan biyu, ta ga ba ita za ta katse shi ba.

Watan da abin ya faru, ranar ƙarshe Asabar ce, Litinin kuma hutun gwamnati. Tun ranar Juma'a Inna ta ɗora yatsa a kan jar lambar ta dubi Auta.

"Sai Talata, Inna."

"Kwana uku cur. Wannan karon ya cika ya batse."

Ranar Talata Auta ta wuni a tsaye cikin tururi. Kayan kwana uku sun taru, riguna da zannuwan gado na wani otal, mai shagon sai faɗa take wai wani ya zo karɓar kwat ɗinsa ba a goge ba. Da yamma ta dawo ƙafafu a kumbure, ta tarar da Inna zaune a kan kujera a ƙofar ɗaki, waya a cinya.

"Ba ta yi kuka ba," in ji Inna.

"Ƙila caji ne ya ƙare."

Caji a cike yake. Saƙo biyu ne suka shigo, duk na talla. Auta ta ce bayan dogon hutu aiki yakan yi wa banki yawa, gobe za su zo. Laraba ma shiru. Ta kira lambar da Yaya ya kira ta da ita a ƙarshe, aka ce a kashe take. Sai a lokacin ta tsaya ta ƙirga, ta ga wata goma ke nan rabon da ta ji shi. A wancan kiran yana ta tari, ya ce sanyin wajen aiki ne. Bai taɓa yin shiru mai tsawo haka ba, amma da yake kuɗi na zuwa, ita ma ba ta sa abin a rai ba. Ashe abin da take yi wa Inna dariya a kai, shi take yi ita ma.

Ranar Alhamis ta roƙi mai shagon ta ba ta awa biyu, ta tafi banki da takardun Inna. Layi ya kai har waje. Awa biyun suka ƙare tana tsaye, ta ƙara ta uku, kafin ta isa gaban wata matashiya mai tabarau. Ta yi mata bayani tun daga farko. Matashiyar ta danna, ta duba, ta ce babu abin da ya shigo.

"Na san bai shigo ba, 'yar'uwa. Dalili nake nema. Ba hutun nan ba ne?"

"Da hutu ne, da ranar Talata sun shigo. Duk wanda ya faɗa Asabar, ranar aiki ta farko yake fita."

"To ya soke ne?"

Matashiyar ta ce asusun wani ne, ba ta da ikon faɗar abin da ke ciki. Auta ta ce yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tsohuwar da ke jira kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki. Mutumin da ke bayanta, wanda yake ta tsaki, ya daina. Matashiyar ta sake duban allon, ta daɗe, sannan ta matso da bakinta kusa da gilashin.

"Bai soke ba. Umarnin yana nan. An gwada ranar Talata, bai fita ba." Ta gyara tabarau. "Anti, yaushe rabonki da ganinsa?"

"An daɗe."

"Da ni ce, da na je na dubo shi."

Maigidan Auta direba ne, yana jan motar wata makaranta, ya san mutanen tasha. Shi ya samo mata kujera a motar da ke tashi da sassafe ranar Juma'a. Da ta faɗa wa Inna za ta je ta dubo Yaya, Inna ta ce, "Wa ya aike ki? Mutum ya gaji da ciyar da uwarsa, sai a bi shi da roƙo?" Amma da Auta ta fito da jakarta, sai ga ta a bakin ƙofa da wata 'yar kwalbar man shafawa na ƙirji a hannu.

"Kin ce yana tari. Kar ki ce ni na bayar."

Wata goma da wannan maganar, kuma sau ɗaya Auta ta faɗe ta, ba ma da Inna take ba.

Awa tara suka yi a hanya. Ta sauka da la'asar, ta ɗauki tasi zuwa kamfanin, wani dogon gini marar taga, manyan motoci sun juya baya suna sauke kwalaye, ko'ina ƙarnin kifi da ƙugin inji. Ta faɗa wa maigadi wanda take nema. Ya ce bai gane ba. Ta ce mai gyaran injin sanyi, dogo, yana da tabo a haɓa.

"Dogo?" in ji maigadin. Ya miƙe daga kan bencinsa. "Ke wace ce tasa?"

"Ƙanwarsa."

Ya cire hularsa ya sake sawa, ya ce ta biyo shi.

Manajan ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ya buɗe durowa ya ciro fayil. Ya yi ta juya takardu kamar a ciki zai samo yadda zai fara. Daga ƙarshe ya ce sai haƙuri, Dogo ya rasu. Ciwon huhu ne. Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti.

"Yaushe?"

"Wata takwas ke nan."

"A'a," in ji Auta. "A'a, ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Watan jiya ma ya turo kuɗi."

Manajan ya juyo da fayil ɗin gabanta. Ga hoton Yaya, ga rubutun hannunsa mai kwanciya gefe guda. Ya ce bayan rasuwar sun zuba albashinsa na ƙarshe da haƙƙinsa na shekara takwas da wani abu a asusunsa, kamar yadda doka ta ce. In akwai umarnin da ya bari a banki, to daga nan aka riƙa cirewa har suka ƙare. Ya ce sun nemi dangi iya ƙoƙarinsu. Ya nuna mata gurbin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru. Sunan Baba ne a wurin, da lambar wayar tsohon shagonsa.

"Mun kira ya fi sau goma. Wanda ke ɗauka ya ce nan taya ake sayarwa, bai san wani kafinta ba."

Auta ta zuba wa sunan ido. Lokacin da Yaya ya cike takardar nan, Baba ya yi wata uku a ƙasa. Ba ta yi kuka a ofishin ba. Ta shanye ruwan da aka ba ta, ta ajiye kofin a hankali, ta tambaya wa ya binne shi.

Aka kira wani dattijo mai walda, gajere, idonsa ɗaya ya yi ja saboda wuta. Shi ne abokin Yaya, in har za a ce yana da aboki. Ya wanke hannu, ya ɗauki izini, ya kai ta maƙabarta kafin rana ta faɗi. Kabarin na can ƙarshe kusa da katanga, ciyawa ta fara rufe shi. Mai walda ya sa wani ɗan ƙarfe a kai don shaida. A nan ne kukan ya zo mata, ta durƙusa ta yi shi mai isarta, dattijon ya juya baya yana kallon katanga har ta gama.

A hanyar gidansa ya ba ta labari. Ya ce Dogo ba mai yawan magana ba ne, daga aiki sai ɗaki. Tarin ya fi shekara yana damunsa, ya ƙi asibiti, sai da ya faɗi a cikin ɗakin sanyi aka ɗauke shi.

"Na ce masa, Dogo, kai ba ka da kowa ne? Ya ce akwai tsohuwa, akwai ƙanwa. Na ce kawo lamba in kira. Ya ce bari in ji sauƙi tukuna, kar su gan ni a haka. Kullum maganar ke nan. Bayan ya cika na duba wayarsa, wallahi babu lambar kowa sai ta 'yan wajen aiki."

"Tawa a ka yake riƙe da ita," in ji Auta.

"Ko garinku bai taɓa faɗa mini ba. Abu ɗaya na sani. Ana saura kwana biyu, ranar Alhamis, ya ba ni katinsa ya ce in duba masa ko albashi ya shiga. Ya ce ƙarshen watan nan Asabar ce, tsohuwa za ta jira har Litinin, kar a je cirewa a tarar babu. Na duba na ce masa akwai. Ranar Asabar ɗin da azahar ya tafi."

Auta ta tsaya cik a gefen titi. Ta tuna wannan Litinin ɗin. Ta dawo daga aiki ta tarar da Inna cikin fara'a, tana cewa mai fushi ya huce, har ta ba da kuɗi a sayo wa yara nama. Sun ci sun yi dariya. A lokacin kwanansa biyu a kabari.

"Baba, ba ka je banki ba? Ai su sun san inda kuɗin ke zuwa."

Dattijon ya sosa ƙeya. Ya ce ya je. Suka tambaye shi shi wane ne nasa, suka ce sai ya kawo takardar shaidar rasuwa da ɗan'uwa na jini. Suka kuma ce da zarar an kawo za a rufe asusun har sai an gama shari'ar gado.

"Sai na yi tunani, 'yata. Na ce in aka rufe, tsohuwar nan da ban san inda take ba, wa zai ba ta? Na fito abina. Na ce a bar ta ta ci abin ɗanta, ranar da ya ƙare wani zai zo nema. Ga shi kin zo. In na yi laifi ki yafe mini."

Ta rasa abin da za ta ce masa, godiya ko faɗa. Sai ta ce Allah ya saka, don shi ne ya fi sauƙin fita.

Matar mai walda ta ba ta masauki. Kayan Yaya suna ƙarƙashin gadonsu a cikin jaka ɗaya: riguna huɗu, takalmin aiki, rediyo, bargo, da wata leda cike da kwalayen magani. Abin da shekara tara ta tara ke nan. Da safe kafin ta tafi tasha ta kira maigidanta ta faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya ce ta saurare shi da kyau.

"Kin san jinin Inna. Wannan labarin zai iya kayar da ita. Ki ce kin gan shi, aiki ne ya tsaya masa. Ni da ke mu riƙa tura mata ko rabi ne, a ranar da ta saba. Wa zai faɗa mata?"

"Har yaushe?"

"Har yadda Allah ya yi."

Ta ce za ta yi tunani, kuma ta yi. Awa tara tana yi, jakar Yaya a kan cinyarta. Maganar maigidanta ba ta banza ba ce, don ta ga yadda Baba ya narke a zaune. Har ta shirya abin da za ta ce, ta maimaita shi a ranta: ya rame kaɗan, yana gaishe ki, kunya ce ta hana shi kira. A wani gari da aka tsaya cin abinci ta sa hannu a jakarta neman canji, ta taɓo kwalbar man shafawar. Ta riƙe ta har aka tashi. Sau takwas Inna ta yi wa mamaci mita, sau takwas ta ce ya tuna da ita ko ya huce, ba ta taɓa ce masa Allah ya jiƙansa ba ko sau ɗaya. Auta ta ga ba za ta iya zama ta karanta mata saƙo na tara da bakinta ba.

Ana kiran magariba ta shiga gida. Inna na kan kujerarta a ƙofar ɗaki. Ba ta dubi fuskar Auta ba, jakar ta duba. Jakar Baba ce ta tafiya, mai igiyar fata, wadda ta ɓace daga gidan a safiyar da aka ga katifa a naɗe.

Auta ta durƙusa a gabanta ta kama gwiwoyinta.

"Inna, sai haƙuri."

Maigidan Auta ya kwashe yara ya shige da su ɗaki.

"Talatar nan?" in ji Inna. "Ranar da kuɗin suka ƙi zuwa?"

"A'a, Inna. Wata takwas."

"Wata takwas." Ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu, ta kai biyar ta tsaya. "To wa ke turo mini?"

"Banki ne. Daga abin da ya bari."

Wannan karon ba ta yi musu ba. Ta dubi wayar da ke cinyarta, ta ɗauke ta ta ajiye a ƙasa can gefe.

"Na sayi katifa da su," ta ce. "Na ce yaron nan ko waya ya kasa yi, sai kuɗi kamar ana biyan haya. Ina kwance a kan katifar na faɗi haka." Ta dubi Auta. "Ya yi maganata?"

Auta ta ba ta labarin ranar Alhamis, da katin, da yadda ya damu kar ta jira har Litinin a tarar babu. Sai Inna ta kira sunansa, sunansa na yanka, wanda Auta ba ta ji a bakinta ba tun tana da cikin ɗanta na biyu. Ta kira shi sau uku, ba da ƙarfi ba, kamar yana ɗakin da ke kusa.

Ba ta faɗi ba kamar yadda maigidan Auta ya ji tsoro. Ta dai rage. Maƙwabta suka zo gaisuwa suna ruɗewa wajen tambayar yaushe aka yi rashin, ita ce ke ba su amsa da kanta. Abinci sai an tsaya a kanta. Katifar ta sa aka fitar, ta koma kan tsohuwar da ta lotsa a tsakiya. Auta ta yi zirga-zirgar takardu wajen mako uku, mai shago ta yanke mata kuɗin kwanakin. Ranar da ta kai takardar shaidar rasuwa banki, matashiyar nan mai tabarau ta gane ta, ta yi mata gaisuwa, ta ce gara da ta zo yanzu, don in ba a soke ba, duk ƙarshen wata injin banki zai sake gwadawa. Auta ta sa hannu a inda aka nuna mata.

Bayan wata biyu mai walda ya zo. Inna ce ta matsa a kira shi, ta ce tana son ganin wanda ya wanke mata ɗa. Ya iso ranar Asabar da rana, da ledar lemo a hannu, ya zauna a bakin tabarma yana ta sunkuyar da kai. Inna ta yi masa godiya, sannan ta shiga tambaya. Yana cin abinci sosai? Wa ke yi masa wanki? Ɗakinsa yana da taga? Bai taɓa neman aure ba? Dattijon ya amsa wanda ya sani, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba.

"Ina da hotonsa, Hajiya, in kina so. Ranar da aka kawo sabon inji muka ɗauka."

Ya lalubo shi a waya ya miƙa mata. Mutum biyar ne tsaye a gaban inji cikin rigunan sanyi masu kauri. Inna ta kai wayar kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa.

"Wanne ne?"

Auta ta matso ta buɗa hoton da yatsu biyu ta nuna mata na ƙarshe a dama. Ya rame, kumatu sun faɗa, gemunsa fari fat.

"Wannan tsohon?" in ji Inna. "Yaushe ya yi furfura?"

"Tun zuwansa da kaɗan ta fara, Hajiya."

Ta ci gaba da kallo. Allon ya yi duhu, ta miƙa wa Auta ta kunna mata, ya sake duhu, ta sake miƙawa. Mai walda ya dubi agogonsa, don motar komawa ƙarfe huɗu take tashi kuma washegari yana da aiki, duk da Lahadi ce. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi tsohuwar, ya fasa. Ya jawo kofin shayinsa da ya riga ya huce, ya ce wa Auta a hankali ko akwai mota da safe.